Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Ilimi Da Shugabannin Makarantun Sakandare Na Arewa: A Bar Yaranmu Su Faɗi Waƙarsu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, iyayenmu masu girma kwamishinonin ilimi, da shugabanninmu na makarantun sakandare, maza da mata. Ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku. Allah ya taya ku riƙon amanar 'ya'yan jama'a da aka damƙa a hannunku, ya sa ku sauke ta lafiya.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba, ba kuma muƙami nake nema ba. Na ɗauki alƙalami ne a madadin wasu yara 'yan shekara 13 zuwa 19, waɗanda suka gano cewa za su iya zama su tsara abin da ke cin ransu ya zama waƙa, su haddace ta, su miƙe a gaban jama'a su faɗe ta da bakinsu, ba kiɗa, ba rerawa, ba 'yan amshi, sai murya da numfashi da kallon ido cikin ido. Waƙar furuci ke nan, wadda a yau ta cika wayoyin 'ya'yanku da namu. Ina kuma magana da yawun malamai da matasa 'yan sa-kai da ke zama da yaran nan a gindin bishiya ko a barandar aji bayan an tashi, ba tare da wani ya ba su ko kuɗin ruwa ba.

Abu biyu ne suka hana ni yin shiru. A makarantar da nake, da wasu makarantun da abokan aikina suke, an share lokacin ƙungiyoyin ɗalibai daga jadawali, an cusa darasin ƙari na shirin jarrabawa a gurbinsa. Ƙungiyar adabi da muhawara, wadda da yawanku a cikinta kuka koyi tsayuwa gaban mutane, ta koma suna a takarda, sai ranar da masu duba makarantu za su zo ake tunawa da ita. Na biyu kuma sanarwar da Ministan Ilimi na Tarayya ya yi a watan Nuwamban 2025, cewa an soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022, an koma Turanci a matsayin harshen ba da darasi. Ba muhawarar wannan manufa ta kawo ni ba, ita ma tana da ranarta. Abin da ya dame ni shi ne yadda wasu suka miƙar da ita har ta zama hujjar hana yaro faɗin waƙarsa da Hausa a filin asambuli, alhali sanarwar ba ta ce haka ba.

Kafin in shiga koke-kokenmu, bari in amsa wani zargi da nake yawan ji a ofishin malamai, wai wannan abu baƙo ne, kwaikwayon Turawa ne. Gaskiya ne tsarin gasar da ya fi shahara, inda ake ba kowane mai waƙa minti 3, ba kiɗa ba kayan wasa, a zaɓi alƙalai daga cikin 'yan kallo su ba da maki, a birnin Shikago na Amurka ya samo asali a shekarun 1980, kuma wani ma'aikacin gini ne ya assasa shi domin ya fito da waƙa daga zauren masana zuwa cikin talakawa. Amma tsayuwa gaban jama'a da tsararriyar magana ba Amurka ce ta koya mana ba. Maharbi da ɗan dambe da ɗan tauri da kirari muka san su. Iyayenmu mata a waƙar niƙa da ta daɓe suke amayar da abin da ba za su iya faɗa wa miji ko kishiya ido da ido ba. Yara a lokacin tashe suna yi wa marowaci da malalaci hannunka-mai-sanda, manya suna dariya suna ɗaukar saƙon. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta ilimantar da matan karkara: jagororin 'Yan Taru, ƙungiyar matan da ta kafa, su zo wurinta su haddace, su koma ƙauyukansu su isar wa 'yan'uwansu mata. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, da muke sa ɗalibai nazarin waƙoƙinsu domin cin jarrabawa, faɗar gaskiya mai ɗaci ga al'ummarsu ce ta ɗaukaka su. A Kano, ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin ta riƙa tara marubuta suna karanta waƙoƙinsu a gidan rediyo a shekarun 1970. To ta yaya za mu sa yaro ya haddace baitin Sa'adu Zungur da ya rasu tun 1958, mu ba shi maki a kai, sannan ranar da ya rubuta nasa baitin a kan unguwarsu mu ce yana ɓata lokaci?

Kukanmu na farko shi ne rashin lokaci da rashin wuri. Yaran nan ba su daina rubutu ba don an soke musu awa ɗaya a mako. Wuri kawai suka canza. Mai waya ya koma TikTok da Facebook da WhatsApp, inda babu malamin da zai ce masa wannan ɗangon ya yi nauyi, wannan kalmar za ta jawo maka fitina, wannan zargin ba ka da hujjarsa. Can masu sharhi ne malamansa, wasu su zuga shi, wasu su zage shi har iyayensa, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da ba ta tambayar ko an taɓa koya maka bambancin suka da ƙazafi. Wanda ba shi da waya kuwa, ɗan talaka da ɗan ƙauye da yawancin 'yan mata, shi ke nan an rufe masa ƙofar gaba ɗaya. Makaranta ce kaɗai wurin da ɗan mai kuɗi da ɗan mai faskare za su samu fili ɗaya da makirfo ɗaya, ita ce kuma ta fara janye hannunta.

Na biyu, harshe. Har gobe akwai makarantun da monita ke rubuta sunan wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a sa shi share fili. Idan an shirya gasa a makaranta, da Turanci ake yi, wanda ya kawo waƙar Hausa a ce ya jira ranar al'adu, ranar da ake sa yara kayan gargajiya a ɗauki hoto. Ni ban ƙi Turanci ba, yaranmu suna buƙatarsa, da shi za su rubuta jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Sai dai na lura da abu ɗaya a aji: yaron da aka hana shi tunani da harshen da yake mafarki da shi, ba ya zama gwanin Turanci, bebe yake zama a harsunan biyu. Wanda kuma aka bari ya fara gina waƙarsa da Hausa, ko Fulfulde, ko Kanuri, ko Nupe, ko Tibi, shi ne za ka ga daga baya yana neman ƙamus da kansa, domin yana son abokinsa da ba ya jin harshensa ya fahimci abin da ya ce.

Kuka na uku shi ne ya fi yi mini ciwo, don haka ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kansa. Ba a tunawa da yaran nan sai za a yi babban baƙo. Ranar raba kyaututtuka, ko ranar buɗe sabon gini, sai a aiko a ce malam a samo mana yaro mai waƙa. Idan an samo shi, sai a karɓi takardarsa a bi ta da jan biro.

Ina da wata ɗaliba a aji biyu na babbar sakandare, yarinya mai kunya wadda ko tambaya ba ta ɗaga hannu ta amsa. Ta rubuta waƙa a kan yayanta da ƙwaya ta lalata. Ta faɗi yadda yake goya ta zuwa makarantar allo suna ƙanana, da yadda yanzu mahaifiyarsu ke ɓoye tukunya da dutsen guga don kada ya sayar, da yadda kowa a layinsu ya san shagon da ake sayar wa yara abin, amma kowa ya kawar da kai. Ranar da ta fara faɗin ta a zamanmu, aji ya yi tsit, wasu mazan suka sunkuyar da kai domin kowannensu yana da irin wannan yayan ko maƙwabcin. Aka zaɓe ta ta gabatar a taron ƙarshen shekara. Ana dab da taron aka kira ta aka ce ta cire maganar shago, ta cire maganar mahaifiyarta don kada a ce makaranta tana tona asirin gidajen mutane, ta ƙara baitoci na yi wa babban baƙo maraba da jero ayyukansa. Ta yi biyayya, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Ta hau ta karanta abin da aka ba ta, aka tafa, aka ba ta ambulan. Daga ranar ba ta sake kawo mini rubutu ba har zangon ya ƙare. Da na tambaye ta, cewa ta yi ta gane irin waƙar da ake so, ita kuma ba ta iya irin ta ba.

Ranku ya daɗe, me muka koya wa yarinyar nan? Mun koya mata cewa gaskiyar gidansu abin kunya ce, kuma baiwar da Allah ya ba ta ba ta da amfani sai wajen fadanci. Alhali abin da ta faɗa ba ƙirƙira ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumomin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwayoyi, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin bayan abin ya fito fili. Muna gayyato jami'ai su yi wa ɗalibai lacca a kan illar shaye-shaye, yara na hamma suna jiran a tashi. Ga 'yar'uwarsu ta faɗi maganar cikin minti uku ta shige su har ɓargo, mun ce ta yi shiru. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haka magabata suka ce, kuma a bakin mai ita ta fi tasiri.

Ba shaye-shaye kaɗai ba. Ku dubi abin da wannan tsara ta tashi ta gani. Suna ƙanana aka sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014. Suna firamare ko ƙaramar sakandare aka kwashi ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga Kuriga a Maris na 2024. Tsararrakinsu ne, masu irin rigarsu ta makaranta. A ajinmu akwai yaran da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyukansu. Ɗaya daga cikinsu ya shafe watanni a kujerar baya, abokansa ba sa kiransa da sunansa sai ɗan gudun hijira. Farkon maganarsa mai tsawo a gabanmu waƙa ce, inda ya riƙa kiran shanun gidansu ɗaya bayan ɗaya, kowace da launinta da halinta, da wadda shi ya rene ta tun tana maraƙa, har ya zo kan daren da aka kora su duka. Bai ambaci gwamnati ba, bai zagi kowa ba. Daga ranar abokansa suka koma kiransa da sunansa. Babu darasin da ke cikin manhajata da zai iya yin wannan aikin.

Idan makaranta ba ta ba irin waɗannan yara wurin magana ba, fushinsu ba ya ɓacewa, wani wurin yake nema. Dukanmu mun ga hotunan ƙananan yaran da aka kama bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, waɗanda aka gurfanar a kotu a Abuja ranar 1 ga Nuwamban shekarar, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi, har sai da Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Da yawansu 'ya'yan Arewa ne. Ban ce waƙa za ta kawar da yunwa ba. Na ce yaron da ya saba tsara kukansa cikin kalmomi, ya saba a saurare shi, ya saba a ba shi amsa, ya fi wuyar a ja shi zuwa titi da abin da bai fahimta ba.

Kada a ɗauka ina cewa a saki yara su faɗi duk abin da ya zo bakinsu. Mun san garuruwanmu, mun san abin da kalma ɗaya kan haifar. Dole a yi iyaka: ba ɓatanci ga addinin kowa, ba cin mutuncin ƙabila, ba kama sunan mutum a yi masa ƙazafi, ba batsa. Amma iyaka daban, jan biro daban. Iyaka a rubuce take, yaro ya san ta tun kafin ya fara, kuma kowa ta shafa. Jan biro kuwa tsoron ɓacin ran babban baƙo ne, kuma kullum gaskiyar talaka yake fara ci.

Akwai kuma wani nauyi da ake bar wa malami shi kaɗai. Waƙa tana tono abin da aka binne. Sau da yawa yarinya za ta ce “wata yarinya” a waƙarta, ta ba da labarin wani babba a gida ko a unguwa da ke tare ta, ko auren da ake shirya mata ba da sonta ba, ko tunanin ta gaji da rayuwa, kai malami kana ji ka san kanta take nufi. Daga nan sai ina? A makarantu da yawa ofishin ba da shawara suna ne kawai, an liƙa wa wani malami mai darussa cike da jadawali, ba horo, ba ɗaki mai sirri, ba lambar wani jami'in jin daɗin jama'a da zai kira. Malami ya koma gida da maganar tana ci masa rai, yarinya ta ga ta faɗa ba abin da ya canza. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1991, wadda ta ce yaro yana da haƙƙin a ji ta bakinsa a kan abin da ya shafe shi. Jin ta bakinsa bai cika ba idan babu wanda zai ɗauki mataki bayan ya yi magana.

Batun 'yan mata yana buƙatar kulawa ta musamman. Duk abin da aka tura bayan tashi daga makaranta, an cire su ke nan, domin wanke-wanke da girki da talla da Islamiyya na jiran su, kuma iyaye suna da gaskiya idan suka ƙi yarda 'yarsu ta kai yamma a waje. Wasu iyayen kuma ba sa son cakuɗuwar maza da mata, wannan ma abin girmamawa ne, kuma maganinsa mai sauƙi ne: zama na mata zalla, ƙarƙashin malama, a cikin lokacin makaranta. Jihohin da ke cikin shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, irin su Kano da Kaduna da Katsina da Kebbi da Borno da Filato, sun riga sun tanadi zaman koyar da dabarun rayuwa ga ɗalibai mata; shigar da rubutu da faɗin waƙa cikin wannan zama ba ya buƙatar sabon gini. Idan kuma ana tambayar ina abin zai kai yarinya, ga Maryam Bukar Hassan, da aka fi sani da Alhanislam, 'yar asalin jihar Borno, wadda da wannan fasahar ta kai ga Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta mai fafutukar zaman lafiya ta duniya a 2025. Ɗalibaina mata sun san ta, suna kallon ta sanye da lulluɓinta tana magana a gaban manyan duniya. Irin ta nawa ne ke zaune a kujerun baya na azuzuwanmu?

Na san amsar da shugabannin makarantu za su ba ni, domin na sha jin ta: malam, sakamakon jarrabawa ake tambayarmu, ba waƙa ba. Ina jin nauyin da ke kanku. Amma ku zo ku ga aikin da yaro ke yi kafin ya tsaya na minti uku. Zai rubuta, ya soke, ya sake. Zai nemi kalmar da ta fi dacewa, ya tambayi kakarsa ma'anar karin magana, ya ƙirga gaɓoɓi, ya gwada amsa-amo, ya haddace, ya koyi inda zai ja numfashi da inda zai dakata. Zai saurari gyaran abokansa ba tare da ya yi fushi ba. Abin da muke fama mu koyar a darasin insha'i da nazarin waƙa ke nan, yara na gudu. Ɗalibin da ya taɓa gina kamance ko siffantawa da hannunsa ba ya buƙatar haddar ma'anarsu daren jarrabawa. Wanda kuma ya yarda da abin da ke kansa, shi ne ba ya leƙen takardar wani.

A yanzu waɗanda ke ɗauke da wannan aiki 'yan sa-kai ne. A Minna, gidauniyar Hill-Top da B.M. Dzukogi ya kafa ta shafe shekaru tana renon marubuta 'yan sakandare, tana tara su a bikin shekara-shekara. A Kaduna an fara bikin littattafai da fasaha na KABAFEST a 2017, aka kuma fara bikin littattafan Hausa na HIBAF a 2021. Rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a jihohi suna zaman karatu. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai a tarukan da na halarta, yaran makarantun kuɗi ne suka fi yawa, domin su ke da mota da malamin rakiya da kuɗin masauki. Ɗan makarantar gwamnati sai malaminsa ya cire daga albashinsa, ya bi gida-gida neman izinin iyaye, ya ɗauki kasadar hanya a wuyansa ba tare da takardar kowa ba. Yaran ƙananan hukumomin nesa kuwa ko labarin ba sa ji.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku mayar da lokacin ƙungiyoyin ɗalibai cikin jadawali, ko da darasi ɗaya ne a mako, a cikin lokacin makaranta, da takardar umarni daga ma'aikata wadda za ta hana a cinye shi da darasin ƙari. Masu duba makarantu su riƙa tambayar ɗalibai da kansu ko ana yi, kada su tsaya ga rajista. A kuma ware minti biyar a asambuli sau ɗaya a mako, ɗalibi ɗaya ya faɗi abin da ya rubuta. Wannan ko sisi ba ya ci.

Ku fito fili ku bayyana wa makarantu cewa yaro yana da damar yin waƙarsa da harshen da ya zaɓa, a kuma daina cin tara da horo a kan yin harshen uwa. A kowace gasa a buɗe rukunin Hausa da sauran harsunan jihar kafaɗa da kafaɗa da na Turanci, da kyauta iri ɗaya.

Ku sa a rubuta ƙa'idojin abin da ba a yarda da shi ba, gajeru, a zauna da malaman addini da ƙungiyar iyaye da malamai da wakilan ɗalibai a amince da su, a liƙa a allon sanarwa. Duk waƙar da ba ta karya su ba, kada wani ya taɓa ta. Malami ya ba da shawara, yaro ya yanke hukunci a kan rubutunsa. Idan makaranta tana son a yi wa baƙo maraba, shugaban ɗalibai ya yi jawabi, kada a canza wa mai waƙa waƙarsa. Kuma ku da kanku, iyayenmu kwamishinoni, idan kun je taro ku ce kuna son jin abin da yaran suka rubuta da kansu. Kalma ɗaya daga bakinku za ta cire wa shugabannin makarantu tsoron da ke sa su ɗaukar jan biro.

Ku ba kowace makaranta mai ba da shawara na gaskiya, namiji da mace inda ake haɗe, da horo, da sanin inda za a kai magana idan waƙar yaro ta nuna yana cikin haɗari. A kuma hana ɗora bidiyon ɗalibi a intanet sai da yardarsa da ta iyayensa, domin na ga yarinyar da aka yaɗa waƙarta ba da saninta ba, gidansu suka hana ta sake tsayawa.

Ku kafa gasa mai hawa-hawa, daga makaranta zuwa ƙaramar hukuma, zuwa shiyya, zuwa jiha. Mun iya wannan tsarin, ba sai an koya mana ba: musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da aka fara a 1986 ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato haka take tafiya, har yaron ƙauye ya kai matakin ƙasa. Ba daraja nake haɗawa ba, Alƙur'ani ya fi ƙarfin a jera shi da komai. Tsarin tafiyar nake nufi. A sa kuɗin mota da abinci da alawus ɗin malamin rakiya a kasafi, komai ƙanƙantarsa, kuma a yi zagayen farko a kusa da gida saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Gidajen rediyon jihohi suna ƙarƙashin gwamnatocinku. Rabin awa a mako ga waɗanda suka yi fice zai kai muryarsu har rugage.

Ku kuma buɗe wa 'yan sa-kai ƙofa ta hanyar da ta dace. A tantance su, a ba su takardar izini, a haɗa su da malaman Hausa da na Turanci su horar da juna a lokacin hutu. Sassan nazarin harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da kwalejojin ilimi na jihohinku, cike suke da masana waƙa da za su amsa kira idan ma'aikata ta rubuta musu.

Ranar 21 ga Maris ita ce Ranar Waƙa ta Duniya da hukumar UNESCO ta ware tun 1999, kuma tana faɗowa ne a cikin zangon karatu na biyu. Muna roƙon takardar umarnin mayar da lokacin ƙungiyoyi ta iso makarantu kafin wannan rana, domin kowace makaranta ta yi zamanta na farko a makon. Mu malaman da ke wannan aiki muna da daftarin ƙa'idoji da takardar ba da maki da tsarin zaman mako-mako da muka gwada a azuzuwanmu, kuma a shirye muke mu kawo su duk ofishin da ya neme mu.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya shirya mana zuri'a.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Malamin Hausa a wata sakandaren gwamnati,
a madadin ɗalibansa da abokan aikinsa